Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Lilon Dawakan Katako

A Ingila, wanda ya taso ana kai shi babbar kasuwar wasa ta shekara, irin wadda ke ci a Nottingham ko Hull cikin watan Oktoba, da wuya ya manta warin gawayin kwal da man inji, da kiɗan ogan (akwatin kiɗa mai bututu da iska ke busawa) mai cika kunne, da dawakan katako masu ƙyallin zinare suna tashi suna sauka a kan lilo mai zagayawa. Wannan begen ne ke sa mutane har yau suna tono ragowar irin wannan lilo daga tsofaffin rumbuna suna kashe musu kuɗi da shekaru. Kayan kuwa suna da ƙarko. Kamfanin Frederick Savage da ke King's Lynn ya yi suna wajen ƙera lilo mai aiki da tururi tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma wani lilon dawakai da Tidman na Norwich ya ƙera a 1895 ya yi ta yawo gari-gari da ayarin Carters Steam Fair har zuwa 2022.

Aikin gyaran kashi biyu ne, kuma hali biyu yake so. Katako lallaɓa shi ake yi, a ceci duk abin da zai cetu. Ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mutane kuwa ba a yi masa kara: in ya gaji, a sauya. Yawancin ɓarnar da ake gani ta fito ne daga juya wannan ƙa'ida, a yi wa katako ƙarfa-ƙarfa, a kuma ji tausayin tsohon ƙarfe.

Kafin ka kwance ƙusa ko ɗaya

Fara da gane ɗan ina ne. Lilon Ingila yana juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya, na Amurka kuma akasin haka. Saboda haka gefen da 'yan kallo ke gani, wanda aka fi ƙawatawa da sassaƙa, shi ne hagu a dokin Ingila, dama a dokin Amurka. Dokin Ingila yakan zo da suna rubuce a wuyansa, kuma da yawa suna da dogon baya na mahaya biyu. Sanin wannan zai nuna maka irin fenti da adon da ya dace, don launin masassaƙan Bristol ko Burton-on-Trent daban yake da na su Dentzel na Philadelphia. Jami'ar Sheffield tana da taskar tsofaffin hotuna da takardun 'yan wasan kasuwa, kuma hoto ɗaya na lilonka a zamaninsa ya fi hasashe ɗari.

Ka ɗauki hoton kowane doki ta gefe huɗu da ta ƙasa, da rula a jikinsa. Ka ɗaura wa kowane yanki lamba. Masu lilon na da sukan buga lambobi a jikin sanduna da allunan dandamali, tunda kullum cikin kwancewa da haɗawa suke. Nemo waɗannan lambobin ka bi su, domin kowane yanki ya riga ya ci ya zauna daidai da maƙwabcinsa.

Daga nan sai haƙuri. Ajiye dawakan a rumfa mai inuwa da iska, a kan katako, ba a ƙasa ba, mako huɗu zuwa shida, har danshin jikinsu ya sauka zuwa kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari a na'urar awon danshin katako. Wanda ya manna jiƙaƙƙen katako, mahaɗar za ta buɗe da zarar ya bushe.

Abin da ke cikin doki

Dokin lilo ba gungume ɗaya ba ne. Gangar jikin akwati ce mai rami a ciki, an haɗa ta da allunan katako mai laushi. Kai da wuya da ƙafafu da jela daban aka sassaƙa su, aka liƙa da gam na fata da 'yan turakun katako. Wannan gam yana narkewa da ruwa da zafi, kuma a nan asirin yake: shi ya sa ake iya kwance doki bayan shekara ɗari ba tare da an fasa shi ba, shi ya sa kuma ruwa ke kashe shi.

Ka bi jikin kana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukurudireba. Lafiyayyen katako amonsa a sarari yake, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum-dum. Wuraren da suka fi ruɓewa su ne ƙarƙashin ciki inda ruwa ke kwanciya, kewayen ramin da sandar ƙarfe ke ratsawa, da mahaɗar ƙafa da jiki. Ka kuma bi shi da maganaɗisu. Zai nuna maka ƙusoshi da gwangwanin da masu gyaran gaggawa suka binne a ƙarƙashin fenti.

Ƙananan ramuka masu faɗin milimita 1 zuwa 2 aikin ƙwaron katako ne. Shimfiɗa baƙar takarda a ƙarƙashi na mako biyu. In ka ga sabon gari fari ya zubo, ƙwaron na raye. Ƙaramin yanki ana iya ɗaure shi cikin leda a sa a firiza mai sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na mako guda, a bar shi ya huce a cikin ledar kafin a buɗe. Babban yanki kuma a ɗura masa maganin ƙwari na katako da sirinji, rami-rami. A ƙasashenmu masu zafi gara ta fi wannan ƙwaro ɓarna nesa ba kusa ba, don haka ƙafafun abin ajiyar su zama na ƙarfe.

Cire fenti, inda aka fi yin asara

Masu lilo kan shafe dawakansu da sabon fenti kusan duk kakar wasa, ba tare da kankare na baya ba. Ba abin mamaki ba ne a tarar da shafi ashirin ko fiye, har gashin geza da jijiyoyin fuska su toshe, doki ya koma kamar an zuba masa kunu. A can ƙasa kuwa fentin masana'anta na nan, kuma shi ne shaida guda ta ainihin kamanninsa.

Don haka kafin ka kankare komai, buɗe 'yar taga. Zaɓi wuri mai faɗin santimita 2 da tsawon 8, a sirdi, a linzami, a jiki, a geza. Da reza mai kaifi ka riƙa ɗaga shafi ɗaya bayan ɗaya kamar matakala, kana barin kaɗan daga kowanne, har ka kai katako. Ɗauki hoto da hasken rana, ka haɗa launi a kwali ka gwada shi kusa da na asalin. In fentin farko ya fito da lafiyarsa a yawancin jikin, ka tsaya a kansa. Lilon da kamfanin Philadelphia Toboggan ya ƙera a 1922, wanda yanzu ake kira Jane's Carousel, Jane Walentas da mijinta sun saye shi a 1984, ta yi shekaru tana kankare dawakansa 48 da 'yar wuƙa don ta gano launukan asali, ba a buɗe shi a unguwar Brooklyn ta birnin New York ba sai 2011.

Akwai gajerun hanyoyi uku da suke hallaka doki. Feshin yashi yana cinye laushin katako ya bar jijiyoyinsa a tsaye, sassaƙar ta tafi ke nan har abada. Tsomawa a tankin ruwan soda yana narkar da gam, doki ya fito gunduwa-gunduwa, ga gishirin sodar ya zauna a katako yana tunkuɗo sabon fenti shekara da shekaru. Harshen wuta kuma yana babbake gefunan sassaƙa.

Abin da ke aiki shi ne maganin cire fenti mai kauri. Shafa shi a wuri kamar tafin hannu biyu, rufe da leda don kada ya bushe, jira mintunan da aka rubuta a gwangwanin, sannan ka kwashe da tsinken katako ko na roba. A cikin lungun geza tsohon buroshin haƙori da tsinken sakace sun fi komai. In za ka yi amfani da injin hura iska mai zafi, kada zafin ya kai digiri 450. Dalilin shi ne dalma. Tsohon fenti ka ɗauka yana da ita sai gwaji ya nuna akasin haka, kuma ƙurarta da hayaƙinta guba ne mai taruwa a jiki, ta fi illa ga yara da mata masu ciki. Kada ka goge shi da samfefa a bushe. Sa takunkumi mai matatar ƙura, ba ƙyallen hanci ba, ka shimfiɗa leda ta tare ɓarɓashin, kayan aikin kuma kada su shiga gida.

Haɗa katako

Zare duk ƙusa da sukuru. Ƙarfe a cikin katako yana tsatsa, ya kumbura, ya tsaga abin da aka sa shi ya riƙe. Wadda ta ƙi fitowa, huda kewayenta da siririn bututu mai haƙora, ka ciro ta tare da ɗan katakon da ke jikinta, ka toshe ramin da turken katako. In an taɓa lulluɓe dokin da faiba, kamar yadda aka yi wa da yawa a shekarun 1960 da 1970, ka tsaga ta a hankali ka ɓare. Faiba tana tsare danshi a ciki, shi ya sa sau da yawa za ka tarar da dokin da ke ƙyalli a waje ya zama dusa a ciki.

Mahaɗar da ke motsi a buɗe ta gaba ɗaya, kada a ɗura mata sabon gam a kan tsoho. Ruwan ɗumi a sirinji yana sassauta tsohon gam na fata. Kankare fuskokin biyu har katako ya fito, ka gwada haɗa su a bushe ka ga sun zauna ba tazara.

Gam na fata garinsa ake saya. Awo ɗaya na gari, awo biyu na ruwan sanyi, a jiƙa na wasu sa'o'i, sannan a ɗumama cikin gwangwani da aka tsoma a ruwan zafi har digiri 60. Kada ya tafasa, tafasa na kashe ƙarfinsa. Ɗumama katakon tukuna, don gam ɗin yana daskarewa cikin minti ɗaya ko biyu a kan katako mai sanyi. Matse da igiyar roba ko ɗamarar kaya, a bar shi sa'a 24. Ga dokin da za a ajiye a ɗaki don kallo, wannan shi ne daidai, tunda na baya zai iya kwancewa. Dokin da yara za su riƙa hawa a fili kuwa, masu gyara da yawa suna sa gam na efoksi a ƙafafu, suna sane da cewa ba ya kwantuwa. Ƙarko aka saya da wannan, kuma hujja ce mai kyau, amma a ƙafafu kawai.

Karyayyiyar ƙafa tana son turken katako mai kauri milimita 10 zuwa 12, ya shiga santimita 5 a kowane ɓangare. Ka tsaga masa ɗan layi a gefe don rarar gam da iska su sami mafita, in ba haka ba matsin zai fasa ƙafar. In yanki ya ɓace, kunne ko kofato, liƙa sabon katako irin na asalin wanda ya ɗan fi girma, jijiyarsa na bin tsawon gaɓar, sai ya kama sannan ka sassaƙa shi a wurin kana duban ɗan'uwansa na ɗaya gefen. Doguwar tsaga a cika ta da siririn katako da aka fiƙe kamar bakin gatari. Filar masu gyaran jikin mota ba ta da wuri a nan: katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, ita kuwa ba ta motsi, sai ta tsage ta faɗo da fentin da ke kanta.

Ramin sanda shi ne ke ɗaukar nauyin mahayi, don haka in ya yi laushi ko ya faɗaɗa, yanke wurin ka dasa katako mai tauri. Kafin ka rufe cikin, huda ƙaramin rami na milimita 6 a mafi ƙasan ciki don ruwa ya tsiyaye.

Fenti da zinare

Goge da samfefa mai lamba 120, sai 180, sai 220, da hannu, kana bin jijiyar katako, kana kuma kiyaye kaifin sassaƙa. Shafa fentin shimfiɗa mai mai sau biyu ko uku, siriri-siriri, kwana guda tsakanin kowanne. Shafi mai kauri yana mayar da kai inda ka fito.

Zinaren da ake liƙawa falle-falle ne masu siranta fiye da fatar albasa, 25 a ɗan littafi, faɗin kowanne kusan santimita 8. A nemi mai karat 23, don wanda bai kai haka ba yana dusashewa a waje. Ana shafa man liƙi na musamman, akwai na sa'a 3 akwai na sa'a 12, kuma na 12 ya fi fitar da ƙyalli. Gwajin lokaci da bayan yatsa ake yi: in ka ja shi a kai ya yi ɗan ƙara bai manne ba, ya yi. In ka yi sauri zinaren ya nutse a cikin mai ya yi duhu, in ka makara ya ƙi kamawa. Kafin ka shafa man, barbaɗa hoda a kewaye don zinare kada ya liƙe inda ba a so. Wancan jan da koren masu sheƙi kamar gilashi da ake gani a lilon Ingila kuwa, fallen alminiyom ne a ƙasa, aka bi kansa da launi mai barin haske ya ratsa.

Layukan ado da doguwar buroshi mai laushin gashi ake jan su, a numfashi ɗaya. Wanda ya taɓa tsayawa kallon masu zanen jikin manyan motoci a tashoshinmu ya san irin hannun da ake nufi, kuma gwani a cikinsu zai iya wannan aikin. A ƙarshe a bi da banish sau biyu a jiki, sau uku ko huɗu a sirdi da wuya inda ake guga. Banish yana ɗan rage hasken zinare, amma ba tare da shi ba takalman yara za su share shi cikin wata guda. Kada a yi wannan shafin ranar ƙura. A yayyafa ruwa a ƙasa, a rufe ƙofa.

Ƙarfe

Tsarin lilon kamar laima yake. Akwai ginshiƙi a tsakiya, sanduna sun fita daga gare shi ta ko'ina, dandamalin yana rataye ne daga waɗannan sanduna, ba a kan ƙasa yake tafiya ba. A sama akwai karanshaf-karanshaf da haƙoran giya ke juyawa, su ne ke ɗaga dawaki suna sauke su. Ma'ana, ran kowane mahayi yana rataye a 'yan ƙarafa da fil-fil.

Murɗaɗɗiyar tagullar nan da yara ke riƙewa riga ce kawai. A cikinta akwai sandar ƙarfe, kuma ruwa na shiga tsakaninsu ya ci ƙarfen ba wanda ya gani. Zare kowace riga ka duba. Duk sandar rataya, ƙugiya, fil da gwiwar karanshaf a wanke su tas har ƙarfe ya fito, a yi musu gwajin tsaga. Mafi sauƙi shi ne na jan ruwa: a fesa ja, a jira minti 10 zuwa 20, a goge, a fesa farin da ke zuƙo shi, tsagar da ido bai gani ba za ta fito kamar jan zare. An fi samunta a gindin zaren noti da kusurwar da kauri ya canja. Abin da ya tsage a nan ba a yi masa walda, musamman zubabben ƙarfe, wanda walda ke ƙara wa gautsi. A ƙera sabo. In za a zuba sabo da tsohon a matsayin samfuri, a ƙara masa kusan kashi 1 cikin ɗari, don zubabben ƙarfe yana tsukewa in ya huce. Tsohon kuma a sa masa lamba a ajiye, tarihi ne.

Tsofaffin kayan Ingila zarensu na Whitworth ne, wato tsohon awon inci na Ingila, ba na mita ba. Notin zamani zai shiga zagaye biyu ya ciza, wanda bai sani ba ya danna da ƙarfi ya lalata zaren. A nemo irin nasa, ko a sauya noti da ƙusarsa tare, masu lamba 8.8 a ka.

Boris da haƙoran giya a wanke su da kananzir, a duba ko haƙori ya fiƙe ko ya guntule, a sa sabon giris. Haƙoran da ke cin gefe ɗaya alama ce ginshiƙin ya karkata, kuma sauya giya ba zai magance ba sai an daidaita ginshiƙin da ma'aunin ruwa ta fuska biyu.

Tsohuwar wayar lantarki mai rigar zare a fitar da ita duka, ba ciniki. Kowane ƙarfe a haɗa shi da wayar ƙasa, a sa makatsar wuta mai tsinkewa a miliamfa 30. Injin lantarki a haɗa shi da na'urar da ke tada shi a hankali, domin fizgar farko ce ke karya tsofaffin haƙora. Gudun da ya dace zagaye 4 zuwa 6 ne a minti, gwargwadon faɗin lilon. In injin tururi ne, tukunyarsa ba aikin mai sha'awa ba ce: ƙwararren mai duba tukunya ne zai auna kaurinta, ya gwada ta da ruwan sanyi a matsin da ya ninka na aikinta sau ɗaya da rabi, kafin a hura mata wuta.

Ogan ma haka. Irin na Gavioli na Faris da kwali mai ramuka yake kiɗa, tsarin da kamfanin ya fito da shi a 1892, kuma cikinsa fata ce da katako da ɗaruruwan bututu. In muryarsa ta yi rauni, fatar zugazuginsa ce ta bushe take yoyon iska. Ƙara masa ƙarfin iska ɓata sautin bututun zai yi. A kai wa mai gyaran ogan ya sauya fatar.

Gwaji da ajiya

A fara juya shi da hannu zagaye ɗaya, ana sauraro. Sai da inji, ba kowa a kai, na rabin sa'a. Sai a ɗora buhunan yashi, kilo 75 a kowane mazauni, a gwada cike, a kuma gwada da nauyin duka a gefe ɗaya, tunda haka yara ke yi, su taru inda abokansu suke. Bayan kowane gwaji a tsayar, a kashe wuta, a ɗora hannu a kan gidan kowane boris. Wanda ya fi 'yan'uwansa zafi yana da magana. A sake bin noti ɗaya bayan ɗaya, a ɗiga musu fenti a gefe don a gane in sun motsa. A Birtaniya kowane lilo sai mai bincike mai zaman kansa ya duba shi duk shekara, galibi a ƙarƙashin tsarin duba lafiyar kayan wasa da ake kira ADIPS, kafin ya ɗauki mutane, kuma inda babu mai tilasta hakan, kamar wuraren wasan da yara ke cikawa da Sallah, mai lilon ne zai ɗauko injiniya da kansa, ya buɗe littafin da ake rubuta dubawar kowace safiya.

In kakar wasa ta wuce, a sauke dawakan a tsayar da su a kan sanduna cikin ɗaki mai iska, nesa da bango da hasken rana. A lulluɓe su da zanen auduga, ba leda ba, don leda gumi take tarawa. Inda hunturu ke busar da komai har ƙofofi su tsage, a ajiye bahon ruwa ɗaya ko biyu a ɗakin, a riƙa cika su duk mako har iskar ta sauya.